Tafiyar da Gasar Ƙwallon Ƙafa a Karkara: Misali daga Ƙasar Kwatarkwashi



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ake kafa gasar ƙwallon ƙafa ta masu wasan sha'awa, watau waɗanda ba da ƙwallo suke neman abinci ba, da yadda ake tafiyar da ita, da kuma amfaninta ga samarin karkara. An ɗauki ƙasar Kwatarkwashi a matsayin misali. Garin yana gindin sanannen dutsensa, a kan hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Tsafe ta nufi Funtuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, jihar da aka fitar daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ƙasa ce ta manoma, mai samari da yawa, kuma abin da ya dame ta a sha'anin wasa shi ne ya dami yawancin garuruwan ƙasar Hausa.

Wasa da gasa a al'adar Bahaushe

Gasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Tun kafin zuwan Turawa, da zarar an kawar da amfanin gona, sai 'yan dambe da 'yan kokawa su shiga yawon garuruwa, a kafa fage a ƙofar fada ko bakin kasuwa. Wannan wasa yana da tsarinsa: akwai mai kiran wasa, akwai masu raba fage, akwai makaɗa masu kirari, akwai kuma sarkin samari da ke tara matasa. Sunan ɗan dambe irin su Shago bai ɓace ba har yau, saboda makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya adana shi cikin waƙa. Abubuwa biyu ne za a riƙe daga wannan al'ada. Na farko, Bahaushe ya ɗora wasansa bisa kalandar noma. Na biyu, ya bai wa wasan shugabanni waɗanda jama'a suka yarda da hukuncinsu.

Ita kuwa ƙwallon ƙafa, ko tamaula kamar yadda dattawa ke kiran ta, a Ingila aka tsara dokokinta cikin 1863, aka kuma kafa gasar lig ta farko a duniya cikin 1888 da ƙungiyoyi 12. Ta shigo Nijeriya ta bakin teku, ta bi makarantu da barikokin soja da ma'aikatun jirgin ƙasa har ta game Arewa. An fara Kofin Gwamna a Legas cikin 1945, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, 'yan Kano kuma suka ci shi cikin 1953. Gasar lig ta ƙasa ba ta kankama ba sai 1972, ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta lashe ta cikin 1978, sa'an nan aka mai da wasan sana'a sosai cikin 1990. Ke nan kofi ya riga lig zuwa ƙasar nan da shekara 27, kuma a karkara har yanzu kofin ne ya fi rinjaye.

Bambancin kofi da lig

A nan ya kamata a tsaya a yi ɗan lissafi, domin jigon maganar yana cikinsa. Gasar da aka fi sabawa da ita a garuruwa ita ce ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda wani mai hali ko ɗan siyasa kan sa wa kofi. Idan ƙungiyoyi 16 suka shiga, wasa 15 za a yi a gama. Takwas daga cikinsu wasa ɗaya tak za su buga su koma gida, watau rabin samarin da suka sayi riguna suka yi atisaye sun gama tasu shekarar cikin minti 90. Wannan ne ya sa faɗuwa a irin wannan gasa take da ɗaci ƙwarai, har ta kan jawo jifa da dukan alƙalin wasa.

A tsarin lig kuwa kowace ƙungiya takan kara da kowace. Idan ƙungiyoyi takwas ne, zagaye ɗaya wasa 28 ne, gida da waje wasa 56. Kowace ƙungiya za ta buga wasa 14, in ana yi sau ɗaya a mako an sami mako 14 ke nan, fiye da wata uku. Wanda ya ci yana da maki uku, kunnen doki maki ɗaya, wanda aka ci ba shi da kome. Wanda ya faɗi yau yana da makon gobe, saboda haka zuciyarsa takan yi sanyi. Sai dai kada kwaɗayin yawa ya ruɗi masu shiri: ƙungiyoyi 12 gida da waje wasa 132 ne cikin mako 22, abin da ƙaramin kwamiti ba zai iya ɗauka ba. Gara a fara da takwas a kai ƙarshe da a fara da ashirin a watse a tsakiya.

Lokaci da wuri

Daga watan Yuni zuwa Oktoba saurayin Kwatarkwashi na gona ne, duk kuwa gasar da ta yi karo da noma da girbi iyaye za su ƙi ta, kuma da gaskiyarsu. Lokacin da ya dace shi ne daga ƙarshen kaka, wajen Nuwamba, zuwa kafin zafin bazara ya tsananta a watan Maris. Mako 14 sun shiga cikin wannan tsakani daidai. Sai a duba inda watan azumi zai faɗo a wannan shekara a tsallake shi. Haka kuma wasa minti 90 ne da hutu na minti 15, a lokacin hunturu kuwa rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Idan ba a take ƙwallo da an idar da sallar La'asar ba, Magariba za ta riski 'yan wasa a fili, daga nan kuma sai malaman gari su ɗaga murya. Saboda haka dokar gasa ta faɗi minti nawa za a jira ƙungiyar da ta makara kafin a ba abokiyar karawarta maki.

Game da wuri, taswira ta fi takardar ofis faɗin gaskiya. Kwatarkwashi tana ƙarƙashin Bunguɗu, amma garin Bunguɗu yana kan hanyar Sakkwato, a ɗaya ɓangaren Gusau, don haka mai zuwa can daga Kwatarkwashi sai ya ratsa babban birnin. Kuɗin mota shi ne babban abin da ke kashe ƙananan ƙungiyoyi. Abin da ya fi shi ne a raba gasar shiyya-shiyya bisa hanya, garuruwan da ke kusa da juna su yi tasu, sa'an nan zakarun shiyyoyin Kwatarkwashi da Tsafe da Bunguɗu da Gusau su haɗu a wasan ƙarshe. Filin makarantar firamare ya isa, in dai tsawonsa ya kai mita 90, faɗinsa kuma mita 45, aka shata shi da toka ko farar ƙasa, aka kuma nemi izinin hedimasta a rubuce.

Rajista, alƙali da asusu

Abin da ke riƙe lig shi ne amana, amana kuwa sai da rubutu. Kafin a fara wasa, kowace ƙungiya ta miƙa sunayen 'yan wasanta da hotunansu, a rufe rajista a ranar da aka ambata, kada kuma a yarda mutum ɗaya ya buga wa ƙungiya biyu. Wannan shi ne maganin sojan haya, watau gwanin da akan ɗauko daga birni ranar babban wasa, a zaunar da ɗan gari wanda ya sha wahalar atisaye. Idan gasar ta yara ce, sai a dogara da rajistar makaranta wajen tabbatar da shekaru. Ƙaryar shekaru ta yi yawa a duniyar ƙwallo har hukumar FIFA ta shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya cikin 2009. Ƙauye ba shi da wannan na'ura, amma yana da malamin makaranta da mai unguwa waɗanda suka san ranar sunan kowane yaro.

Alƙalin wasa kuma kada ya fito daga ɗayan garuruwan da ke karawa, kuma kwamiti ne zai biya shi daga asusun gasa. Duk ranar da mai masaukin baƙi ya zama shi ne mai sallamar alƙali, to hukunci ya karkata tun ba a busa usur ba. Bayan kowane wasa alƙali ya cika takardar sakamako, kyaftin biyu su sa hannu, sakatare ya liƙa teburin maki a inda kowa zai gani. A kafa kwamitin ladabtarwa dabam da na shirya wasa, a sa dattawan da ba su da ƙungiya, a kuma yanke hukuncin ƙara kafin wasa na gaba. Kuɗin shiga gasa da gudummawa su shiga littafi, ma'aji dabam, mai sa hannu dabam, a karanta lissafi a bainar jama'a ranar rufe gasa.

Wanda ya ga kamar an tsananta, to ya tuna abin da ya faru a Bauci cikin Yulin 2013, a wasannin neman hayewa zuwa gasar masu wasan sha'awa ta ƙasa. Ƙungiyoyi biyu sun yi daidai a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su. A rana ɗaya Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, alhali an tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a wasan farko, 6 da nema a na biyu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada. Labarin ya zaga duniya, ya zama abin kunya ga ƙasa baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darasin da ke ciki ga ƙaramin kwamiti shi ne ya rubuta tun farko cewa idan maki ya zo ɗaya, za a fara duba sakamakon karawar ƙungiyoyin biyu da juna, in bai raba ba a sake wasa a filin da ba na kowa ba.

Amfanin gasar ga jama'a

Akan ce amfanin wasan karkara shi ne fitar da gwanaye, kuma akwai gaskiya a ciki. Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, cikin 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Ahmed Musa ya taso a filayen Jos, ya zo Kano Pillars ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 2009 zuwa 2010 da ƙwallo 18, kafin ya wuce Turai. Zamfara United ma ta taɓa buga babbar gasar ƙasa a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Tsani yana nan, daga gasar gari zuwa ta jiha har zuwa matakan ƙasa, amma sai an yi wa gasar gari rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kafin a san da ita a sama.

Duk da haka, 'yan ƙalilan ne za su kai can, saboda haka babban amfanin yana nan gida. Rani shi ne lokacin da saurayi ba shi da gona ba shi da aiki, kuma shi ne lokacin da mai sayar da ƙwaya da mai neman 'yan bangar siyasa suke samun sa a arha. Ƙasar Zamfara ta sha wuyar 'yan bindiga shekaru da dama, har cikin 2021 aka yanke layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar. Ƙwallo ba za ta kawar da wannan masifa ba, kuma wajibi ne kwamiti ya ɗage duk wasan da hanyarsa ba ta da aminci, domin babu makin da ya kai ran yaro. Sai dai inda hali ya yi, gasa takan sa samarin garuruwan da tsoro ya raba su sake sanin juna, ɗan manomi da ɗan makiyayi su sa riga iri ɗaya. Saurayin da ya saba da zuwa a kan lokaci, da karɓar hukuncin da bai yi masa daɗi ba, da kai ƙara a rubuce maimakon ɗaukar sanda, ya koyi wani abu na zaman duniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Aikin da ya rage na mutanen da ke wannan zaure ne. Ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa cikin 2013, su ne suka dace da riƙe sakatariya da koyon alƙalanci, su kuma fassara dokokin wasa guda 17 cikin Hausa mai sauƙi domin kyaftin na ƙauye ya karanta da kansa. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatar wasanni su sani cewa kuɗin da akan kashe a bikin miƙa kofi na yini ɗaya zai fi amfani in an sa shi a ƙwallaye da raga da sallamar alƙalai da akwatin taimakon gaggawa. Su kuma hana a gina shaguna a filayen makarantu, domin filin da aka gine ba ya dawowa. Iyayen ƙasa su zama iyayen gasa, yadda sauyin gwamnati ba zai kashe ta ba. Mai hali ya ci gaba da sa kofinsa, amma ya bar kwamiti ya yi hukunci. Idan aka yi haka shekara uku a jere ba fashi, samari da kansu ba za su yarda a daina ba.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya shirya zuriya.