Aikin Garka Da Lokatansa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada Da Doguwa

Maganar yau ba ta gandu ba ce, ba kuwa ta masara ko shinkafar da ake kai wa kasuwa buhu-buhu ba. Maganar garka ce, watau ɗan filin nan na bayan gida ko na gindin rijiya inda ake shuka kayan miya. Wani zai ce abin bai kai a tara manya dominsa ba. Amma duk hakimin da ya daɗe yana sasanta jama'a a zaurensa ya san yawan rigimar da akan kawo masa da rani a kan akuyar da ta shiga garkar maƙwabci. Rigimar kuwa takan soma a kan tumatir kwando guda, ta ƙare da gidaje biyu ba sa gaisawa har shekara ta kewayo.

In an bi diddigi, yawanci ba akuya ce da laifi ba, ba kuma lalaci ne ya jawo ba. Mutanen wannan yanki, daga Badafi ta ƙasar Kiru har zuwa duwatsun Riruwai, ba a koya musu noma. Abin da ke faruwa shi ne, ayyukan garka ƙanana ne, ba wanda zai ci wa mutum wuni guda, saboda haka a kullum su ake ɗagawa sai gobe. Alhali kuwa kowannensu yana da 'yan kwanakinsa, in sun wuce sai baɗi.

A ɗauki danga. Da damina dabbobi suna turke, ba mai tunawa da ita. Ruwan marka ya jiƙa karan ya ruɓe, gara ta cinye gindinsa, kabewa ta hau ta rufe ɓarnar da ganye, mai gida yana ganin danga tsaye alhali iska ce kaɗai ba ta taɓa ta ba. To, irin tumatir da barkono ana zuba shi wajen watan Satumba zuwa Oktoba, a dasa bayan kamar mako huɗu. Karan dawa kuwa, wanda aka fi yin danga da shi, ba ya samuwa sai an yi girbi wajen Nuwamba zuwa Disamba. Tsakanin nan ne asarar take. Masu masara sun riga sun cire amfaninsu, sun gaji da yankan ciyawa, sun soma kwance awaki, dashe kuwa yana ɗanye shar a bayan ruɓaɓɓiyar danga. Don haka bai kamata a jira karan dawa ba. Da zarar an yanke gero, ko an karye masara, sai a toshe kafofi da karansu, a ƙara da ƙaya daga waje. Karan masara ba shi da ƙwari, gaskiya ne, amma zai riƙe wata biyu, iyakar abin da ake nema ke nan.

Wanda ya gaji da wannan wahala ta kowace shekara, sai ya kafa danga mai rai. Dashi da bini-da-zugu duka suna kamawa in an sare reshe an kafa shi dab da faɗuwar ruwa, akuya kuwa ba ta cin ganyen bini-da-zugu. Sai dai a ja wa yara kunne, 'ya'yansa guba ne. Zogale ma yana kamawa haka, amma shi a sa shi daga ciki, don kafa shi a bakin hanya tamkar shimfiɗa wa awaki tabarma ne.

Nan ne hakimi yake da hannu. In ya umarci dagatai da masu unguwanni su yi shela tun gero yana tsaye, cewa kowa ya duba dangarsa, kāna a tsai da rana guda sananniya wadda kafin ta ba mai sakin dabba, to, an rage rabin shari'ar rani tun ba ta taso ba. Ranar ba za ta zama ɗaya ko'ina ba. Ruwa yakan riga sauka a Doguwa da kudancin Tudun Wada, ya kuma yi jinkirin ɗaukewa, fiye da Bebeji da Kiru. Kowane dagaci ya fi kowa sanin ƙasarsa, sai a bar masa ya kawo shawara.

Abu na biyu taki. A da, manomi yakan kwashe juji ya kai garka hankali kwance, don ba kome cikinsa sai toka da shara da kashin dabbobi. Jujin yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Leda ba ta ruɓewa, tana hana saiwa tafiya, dabbar da ta haɗiye ta kuwa sai ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Abin da ya fi shi ne kowane gida ya haƙa rami kamar ƙafa uku a wani lungu mai inuwa, a riƙa zuba sharar turke da ganye da toka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci-lokaci. Cikin wata biyu ko uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya tafi. Ramin da aka cika farkon damina shi zai ciyar da dashen kaka, wanda aka cika da sanyi kuwa shi ne na shukar farkon ruwa. Kada a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin ƙaramin dashe, ƙona shi zai yi.

Aikin damina ba ya bukatar dogon bayani. A shuka kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo a bisa kunya don kada ruwa ya kwanta musu, a yi noma tun ciyawa ba ta yi 'ya'ya ba, a riƙa tsinkar kuɓewa bayan kwana biyu ko uku kafin ta ƙosa. Kuskure ɗaya ne ya kamata a ambata: mutane sukan cinye kyawawan 'ya'yan fari, su bar na ƙarshe, ƙanana marasa ƙarfi, su ce na iri ne. Iri daga uwa mafi kyau ake ware shi, a ɗaura mata tsumma don yara su sani. Abin da ya yi saura kuma a yanka a shanya bisa tabarma a cikin gida, ba a gefen kwalta ba inda ƙura da tayar mota suke bi ta kai. Uwargidan da ta tara busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da kaka, ita ce ba ta aika yaro kasuwa da bazara, sa'ad da kayan miya suka yi tsada.

Akwai wani aiki da kakanni ba su matsa a kansa ba, amma yanzu ya zama tilas. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Ɓarnar ta kai har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a wannan shekara, ya tsai da aiki don rashin abin sarrafawa. Tsutsar tana shiga cikin naman ganye ta ɓuya, shi ya sa feshi ba ya cika samunta, ta fi kuma yaɗuwa in zafi ya shigo. Tsohon tumatir da aka gama tsinka aka bari a tsaye, shi ne masaukinta har wani dashen ya zo. Saboda haka ranar da aka yi tsinkar ƙarshe, a tuge shi duka a ƙone, kada a jefa shi ramin taki. Har wa yau kada a maimaita tumatir a fangali ɗaya shekara biyu a jere, kada kuma a bi bayansa da barkono ko gauta, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A sa albasa ko wake a wurin. Wanda ya ga lalle sai ya yi feshi, ya nemi malamin gona tukuna, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka, don garkar gida yaran gida ne suke cin ta.

Batun ruwa kuwa, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kano, injin ban ruwa ya ture jigo. Amma da aka janye tallafin man fetur a 2023, masu inji sun ji a jikinsu. Mai garka ba ya bukatar inji. Guga da garwa sun ishe shi, in ya yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya kuma rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don rana kada ta shanye laima. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka a karkata shi zuwa gindin gwanda ko zogale, maimakon ya kwanta a lungu yana tara sauro. Amma kada a zuba shi kan latas da sauran abin da ake ci ɗanye.

Malamai su lura da wani abu. Garka da yawa a cikin gida take, a hannun mata, ba mai rangadin da zai gan ta. Shelar da aka yi a kasuwa ko a ƙofar masallaci, sau da yawa a zaure take tsayawa. Sai a roƙi limamai da malaman Islamiyya na mata su isar da ita ciki.

Abin da ake so kowane malamin hakimi ya shigar a littafinsa kaɗan ne: sunan ƙauye, da ranar da aka yi shelar gyaran danga, da ranar da aka yarda a saki dabbobi. In an kawo ƙarar ɓarna, ya rubuta ranar da ta auku, ya kuma sa mai unguwa ya je ya gani da idonsa ko dangar tana tsaye a ran nan, tun mai garka bai kai ga gyara ta da dare ba.