Marainiyar igiya da littafin shugaban makaranta

Mun san wani zai ce me ya haɗa mutanen Watari da teku, alhali yawancinmu babban ruwan da muka sani shi ne madatsar da ke Bagwai. A ba mu aron kunne, za a ga inda muka dosa.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan falaye ne masu motsi a hankali. A wasu gaɓoɓin teku wani falale yana kutsawa ƙarƙashin wani, santimita kaɗan a shekara. Bakin na saman yakan maƙale, ya riƙa lanƙwashewa kamar tsumagiya har ɗaruruwan shekaru. Ranar da ya kuɓuce sai ya ɗaga ƙasan teku da ruwan da ke kansa gaba ɗaya. Wannan ruwa shi ake kira tsunami, kuma a teku mai zurfi gudunsa ya kai na jirgin sama.

A ƙarshen Janairun 1700, cikin dare, irin wannan igiya ta shiga garuruwan gaɓar Japan. A Kuwagasaki ta rushe gidaje 13, gobara ta biyo baya ta ci wasu 20, hukuma ta raba shinkafa ga mutum 159. Mun san waɗannan alƙaluma ne domin magatakardan hukuma sun rubuta su. Dagacin wani ƙauye mai suna Miho ma ya rubuta mamakinsa: ruwa ya zo, amma ba wanda ya ji ƙasa ta motsa. Shi ya sa daga baya aka laƙaba mata suna marainiyar igiya, mai zuwa ba a san iyayenta ba.

Sai da aka yi kusan shekara 300 kafin a gano su. A yammacin Amurka, a jihar Washington, wani masanin ƙasa, Brian Atwater, ya tarar da dazuzzukan da suka bushe a tsaye saboda ƙasa ta nitse ruwan gishiri ya shige su, ga kuma shimfiɗar yashin teku a binne cikin laka. Zoben da itace ke ƙarawa kowace shekara ya nuna girman ƙarshe na itatuwan a 1699 ne. Tsofaffin 'yan asalin tsibirin Vancouver kuwa sun daɗe suna ba da labarin wani daren hunturu da ƙasa ta girgiza, ruwa ya shafe wani ƙauye.

Aikin da Kenji Satake da abokansa suka wallafa a 1996 shi ne ya fi jan hankalinmu, domin lissafi ne irin wanda muke ba 'yan aji shida: ga amsa, a nemo tambayar. Sun san sa'ar da igiya ta isa Japan, sun san tana buƙatar kimanin awa goma ta ƙetare tekun Fasifik, sai suka koma baya: girgizar ta auku wajen ƙarfe tara na daren 26 ga Janairu. Daga nan suka riƙa gwada girgiza iri-iri a kwamfuta, suna duba tsayin ruwan da kowacce za ta kai Japan. Mai ƙarfin maki 8 ba ta isa ba. Sai mai kusan maki 9, wadda ta tsaga wajen kilomita 1,000, ta dace da abin da magatakarda suka rubuta. Yau garuruwan wannan gaɓa suna da taswirar hanyoyin tsira, har akwai makarantar da aka gina wa mafaka a saman rufi.

To, mu dawo gida. Ba mu da tsunami, amma muna da ambaliya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988. Ta Alau ta cinye Maiduguri a 1994, ta kuma maimaita a Satumban 2024. A wata makaranta da muka koyar, ruwa ya shiga azuzuwa wata damina, muka kwashe yara da littattafai. Da aka zo gina sabon aji aka tambaye mu iyakar inda ruwan ya kai. Wannan ya nuna gwiwa, wancan ya nuna ƙugu. Muka buɗe littafin shugaban makaranta, abin da muka tarar kawai shi ne an tashi yara saboda ruwa. An gina ajin a kwarin, ruwa kuma ya sake shigarsa.

Shawararmu ga reshe ita ce, daga daminar bana, duk makarantar da ruwa ya shiga ta ja layi da fenti a bango, ta auna tsayinsa da ma'auni, ta rubuta rana da sa'a da kuma ta inda ya ɓullo. A tura 'yan aji biyar da shida wurin kakanninsu su tambayo shekarun manyan ambaliya da bishiyar ko dangar da ruwa ya taɓa. Muna roƙon sakataren reshe ya tanadi rijista guda, kowace makaranta ta kawo nata a taron ƙarshen zango.