Bakin Teku Wurin Tafakkuri Ne



Da yawanmu a nan Legas muna kwana muna tashi kusa da teku, amma da an ambaci bakin ruwa sai kiɗa da shashanci su faɗo mana a rai, shi ya sa dattijo mai mutunci yake kauce masa. A ganina mun yi asara, domin mun sakar wa masu shagala ɗaya daga cikin manyan ayoyin Allah, ruwan da ya mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya.

Duk wanda ya je bayan sallar Asuba, kafin 'yan haya su fito da dawakai, sau da yawa zai tarar da yashi a jiƙe har nesa da inda ruwa yake, ga layin kumfa da ɓawon katantanwa suna nuna inda ya tsaya da dare. Sau biyu yake cika ya janye a kwana da yini, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50, daidai da jinkirin fitowar wata. Watan ne ke jan ruwan. Cikar takan fi ƙarfi a tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu. Wato jinjirin watan da muke zuba ido mu ji sanarwarsa daga fadar Sarkin Musulmi kafin mu ɗauki azumi, shi Allah Ya ɗora wa wannan aiki. Mutum ya tsaya ya ga haka da idonsa, wallahi damuwar kuɗin haya da cinkoson hanya sai ta ƙanƙance a zuciyarsa.

Kada wani ya ce Bahaushe mutumin tudu ne, ba ruwansa da teku. Daminar da manomin Katsina ke jira daga nan take tasowa. Rana ta dumama ruwan Atlantika, tururi ya tashi ya bar gishirin a ƙasa, iskar kudu maso yamma ta kora shi arewa, ya zama hadarin da ke sauka a kan gero da dawa. Abin da ƙasa ba ta shanye ba ya bi gulbin Rima da kogin Kaduna ya faɗa Neja, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya dawo inda ya fito. Tuwon da muka ci jiya akwai rabon teku a cikinsa.

Kakanninmu ma sun san tsayuwa a bakin teku. Alhazan da suka taka daga Kano ta Barno da Darfur, wasu suna shekaru a hanya, a gaɓar Bahar Maliya suke tsayawa, a Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda ba su da abin dogaro sai Ubangiji.

Ina so a fahimce ni da kyau: ba mu roƙon teku, ba mu kai masa sadaka. Halitta ce kamar mu, tana bin umarni. Abin da muke nema a wurin shi ne natsuwar da ke sa zikiri ya sauka daga baki zuwa zuciya.

Roƙona ga malaman Islamiyya da iyaye shi ne su riƙa kai yara bakin ruwa da sassafe, ko da sau ɗaya a wata, su nuna musu waɗannan abubuwa. A tsaya a kan tudu, domin igiyar ruwan Legas tana jan mutum ko ya iya iyo. Kuma duk ledar ruwa da robar da aka je da ita a dawo da ita gida.