Kamfanoni da Itatuwan Gonakin Arewacin Kano



Duk damina, bankuna da kamfanoni kan fito da tsarin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a sanar da dubban da aka dasa. Hujjarsu gaskiya ce, domin itace yana zuƙar iskar da hayaƙin injina ke tarawa a sama tana ƙara wa duniya zafi. A Jamus ma akwai kamfanin Ecosia, wanda aka kafa a 2009, yana biyan kuɗin dashe a ƙasashe irin su Burkina Faso daga ribar tallan da yake samu a intanet.

Sai dai mai son kawo irin wannan kuɗi Ɗambatta, Bichi ko Minjibir ya fara sanin inda ya nufa. Babu dajin da ba shi da mai shi a can. Gona na manne da gona, ana noma kowace shekara ba hutu, kuma kowace kuka da tsamiya akwai gidan da ya gaje su.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin waɗannan gonaki tun shekarun 1960, lokacin da jakuna ke kai itacen girki birni su komo da mangalar taki. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa duk da farin shekarun 1970 da 1980, itatuwan gonakin da ke kewaye da Kano ba su ragu ba. Dalilin a fili yake. Gawo kan zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Kalwar ɗorawa ita ce jarin mai daddawa. Manomi kan sassare reshe ya bar gindi, saboda ya san baɗi ma zai ci moriyarsa.

Layukan itacen turare da gwamnati ta dasa a Yambawa don kare iska sun koyar da wani darasin: saiwoyinsu sun riƙa janye damshin geron da ke kusa, har sai da masu bincike suka gwada datse su.

A Maraɗi kuwa, tun 1983 Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma su riƙa barin tohon tsofaffin kututture suna gyara shi, abin da suke kira sassabin zamani. An kiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar.

Wahalar dashe tana zuwa ne bayan kaka, idan an saki dabbobi. Tsiron da ba a kewaye da ƙaya ba, ba a kuma yi masa bayi, da wuya ya ga bazara. Don haka kamfani ya bar wa manomi zaɓin iri da mallakar itacen, ya biya kuɗin kewaye da ruwa, sannan ya dawo bayan rani biyu ya ƙirga waɗanda suka rayu. 'Yan kasuwar Dawanau kuma, idan suka tsayar da farashi mai kyau ga kalwa, tsamiya da garin kuka, sun tallafa wa itatuwan da tuni suke tsaye. Gidajen burodi masu ƙona itace su ne ya kamata su fara sa hannu a aljihu.