In Mai Ciki Ta Ce Bayanta Na Ciwo, A Saurare Ta

Iyayena mata da ke zaune nan gaba, barkanku da yamma. Ƙannena amare da ƴan mata, sannunku da zuwa. Ku kuma samarin fada da kuka laɓe can gindin bedi, ku jawo bencinku kusa, rabin maganar yau taku ce.

Ni sajfam ce, aikina awon ciki da karɓar haihuwa. A ɗakin awo akwai kukan da na fi ji, kuma galibi sai mace ta ɗaura zanenta ta kai bakin ƙofa sannan ta waiwayo ta ce a hankali: "Malama, bayana fa yana damuna." Wata ma ba ta faɗa, musamman mai cikin fari, don kunya, ko don kar a ce tana da raki. Mun taso muna jin ana cewa ciki sai haƙuri. Gaskiya ne, amma haƙuri bai hana neman sauƙi ba.

Bari mu fara da abin da ke kawo ciwon. Daga shigar ciki zuwa haihuwa, mace kan ƙara nauyin kilo 10 zuwa 12, kuma akasarin nauyin nan a gaba yake rataye. Don kar ya rinjaye ta, sai ta riƙa banƙarewa ba tare da ta sani ba, ƙashin baya ya lanƙwashe, naman baya ya wuni yana aiki. Naman ciki, wanda shi ke taya baya riƙe jiki, ya miƙe ya yi rauni. Sannan jiki na fitar da wasu sinadarai, cikinsu akwai wanda ake kira rilaksin, masu sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu don hanya ta buɗe ranar haihuwa. Ƙugu yana da mahaɗa uku, biyu a baya wajen kwankwaso, ɗaya a gaba ƙasan mara. In suka yi sako-sako, nan ne mace ke jin zafi idan za ta juya a gado, ko ta hau matakala, ko ta tsaya da ƙafa ɗaya tana sa tufafi. Kun gane? Ciwo ne na gaske mai dalili. Irin wannan ba ya taɓa jariri, ba ya hana mace haihuwa da kanta, kuma ga yawancin mata yana lafawa cikin makonni ko ƴan watanni bayan an sauka.

To, me za a yi? Ku dubi wunin mace a gidajenmu. Shara da guntuwar tsintsiya, a duƙe. Wanki, a duƙe. Daka, ɗaukar ruwa, ga goyon yaron da bai daɗe da yaye ba. Bido mai litar 20 kilo 20 ne cif, a kan wanda take ɗauke da shi dare da rana. Don haka ƙanwata, ki ɗaura wa tsintsiya sanda ki yi shara a tsaye. Ki ɗora bahon wanki bisa benci, ko ki zauna kan kujera ki yi. In za ki ɗauki abu a ƙasa, ki tsuguna da gwiwoyi, bayanki a miƙe, ki rungumo abin kusa da jiki. Ruwa a raba shi ƙananan bokitai biyu, hannu da hannu. Yaro kuma ki zauna ki ɗora shi a cinya, a rage goyo.

Wajen kwanciya, ki kwanta ta gefe, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki, wani ƙarami ƙarƙashin ciki. Daga wata na bakwai a daina barci a rigingine. In za ki tashi, ki haɗe gwiwoyi ki mirgina gefe, ki sauko da ƙafafu tare, ki tura jiki da hannu. Mai ciwon gaban mara ta guji ware ƙafa: ta zauna in za ta sa wando, ta taka matakala ɗaya bayan ɗaya, in kuma dole ta hau kabu-kabu, ta zauna ta gefe, ta ce masa ya tafi sannu a kan gargada. Wasu na samun sauƙi in suka ɗaure ƙugu da gyale ko zane, ƙasan ciki, daidai kan ƙasusuwan, ba tare da matse cikin ba. Tsumma da ruwan ɗumi a gasa kwankwaso, a shafa man kaɗe a murza a hankali. Takalmi mai tsini a ajiye shi sai bayan suna. Kuma kar a kwanta wuni guda, kwanciya na ƙara sandarar da baya. Ƴar tafiya da sanyin safe ko bayan la'asar tana taimakawa.

Sai maganar ƙwaya, kuma nan ina roƙonku ku buɗe kunne. Mai yawo da tiren magani a rana bai san watanninki ba. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya kamar alewa, suna iya taɓa ƙodar jariri da hanyoyin jininsa, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Tramol kuwa kar ma a kawo shi kusa. Farasitamol shi ne wanda muka fi ba mai ciki, shi ma bisa ƙa'idar da aka faɗa miki a likita. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a tambaya kafin a sha.

Akwai kuma ciwon bayan da ba a yi masa haƙuri ko na dare ɗaya. Wata yarinya aka kawo mana, cikin fari, wata bakwai. Kwana uku tana fama da ciwo a gefe ɗaya na baya, jikinta da zafi. Uwar mijinta ta ce kowa da haka ya haihu, kuma ba da mugun nufi ta faɗa ba, abin da aka gaya mata ke nan a zamaninta. Mijin ya sayo ƙwaya bakin titi. Da suka iso tana karkarwa, ashe ciwon fitsari ne ya hau har ƙoda, ga mahaifa ta soma murɗawa tun lokaci bai yi ba. Allah ya kiyaye, ita da ɗanta suka tsira, amma ta sha kwanciya. Awon fitsari guda da wuri, da duk ba a kai nan ba.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. Ciwon baya tare da masassara, ko zafin fitsari. Ciwon da ke zuwa yana tafiya a kai a kai, ciki na ɗaurewa, alhali ba a kai mako 37 ba, wannan naƙuda ce ke neman zuwa da wuri. Ganin jini, ko zubar ruwa. Ciki ya yi tauri kamar dutse da ciwo mai tsanani. Ƙafa ta mutu, ko fitsari ya kasa riƙuwa. Jariri ya rage motsi. Ciwon kai mai ƙarfi, gani dishi-dishi, kumburin fuska. Ko ɗaya daga ciki aka gani, a ɗauki karne a tafi likita mafi kusa, ko da tsakar dare ne, kar a jira gari ya waye. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku gaba. Mai amosanin jini kuwa, ita ko ciwon ƙashi kaɗan ta ji, ta je.

Kuma a riƙa zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Can ake auna jini da fitsari, a ba ki ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓin sauro. In kin je, ki faɗi abin da ke damunki tun kina zaune, kar ki bari sai bakin ƙofa.

Yanzu gare ku, maza. Duk abin da na lissafa, mace ita kaɗai ba za ta iya ba. In ta ajiye bido, wa zai ɗauka? In ta bar daka, wa zai ba da kuɗin inji? Kuɗin shayi da sukari na sati guda a fada ya isa a biya mai ga-ruwa kwanaki. Wanda ba shi da hali, yana da hannu: ka ɗebo ruwan kafin ka fita, ka ɗauki yaron, ka gasa mata baya da dare. Abokai za su yi maka dariya kwana biyu su gaji. Ka ajiye ɗan abu gefe don motar dare, ka riƙe lambar mai adaidaita ɗaya a salularka. In Inna ta ce raki ne, ka je ka durƙusa ka yi mata bayani da ladabi, kai ne za ta saurara.

Iyayena, kun haife mu cikin wahalar da ba mu gani ba, Allah ya saka muku da alheri. Ku taya mu sauƙaƙa wa ƴaƴanku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da za a haifa. Mai tambaya ta ɗaga hannu. Wadda ke jin nauyi ta same ni gefe bayan an tashi, ina nan har magariba.