Duse Muhammad Ali, Baƙo Mai Alƙalami

Jama'a, yau za mu ba ku labarin wani baƙo wanda ya zo ƙasar nan ba shi da gona, ba shi da dangi, sai alƙalami. Sunansa Duse Muhammad Ali.

Bisa ga faɗarsa, an haife shi a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar cikin shekara ta 1866. Ubansa hafsan soja ne Bamisire, uwarsa kuwa mutuniyar Sudan ce. Tun yana yaro aka aika da shi Ingila neman ilimi. Can ya girma, har ya daɗe yana sana'ar wasan kwaikwayo.

To, a zamanin nan Turawan Ingila ke riƙe da Masar. Duse ya duba, ya ga duk labarin da a ke bugawa na ƙasarsu, waɗansu ne ke rubuta shi yadda su ka ga dama. Saboda haka cikin 1911 ya fid da littafi mai suna In the Land of the Pharaohs, watau A Ƙasar Fir'aunoni. A ciki ya ba da tarihin Masar, ya kuma nemar wa mutanenta 'yanci.

Da shekara ta kewayo, cikin 1912, sai ya kafa jarida a birnin Landan, ana ce da ita African Times and Orient Review. Nufinsa mutanen Afirka da na Asiya su sami wurin da za su faɗi kukansu da bakinsu. Jaridar ta yi ta yawo cikin jiragen ruwa, har Ikko, har Indiya, har Amurka. Wani saurayi daga tsibirin Jamaika, Marcus Garvey, ya yi aiki a ofishinta, daga baya ya zama babban jagoran baƙar fata. Cikin 1921 Duse ya ƙetare zuwa Amurka, ya yi aiki tare da shi.

Cikin 1931 ya sauka Ikko, ya haura shekara 60. Da wani ne, sai ya ce lokacin hutu ya yi. Shi kuwa cikin 1933 sai ya sake kafa wata jarida ta mako mako, The Comet, watau Tauraruwa Mai Wutsiya. Samari da yawa su ka sami filin rubutu a cikinta. Mutanen Ikko su ka girmama shi, har cikin 1944 shi ya shugabanci taron da aka kafa jam'iyyar NCNC. Ya rasu a Ikko cikin 1945, aka binne shi can.

Amma aikinsa bai bi shi kabari ba. Jaridar ta koma hannun kamfanin Dokta Azikiwe, ta zama ta kullum, sa'an nan cikin 1949 aka mai da ita Kano.

To, jama'a, ku lura da abu biyu. Na fari, wanda bai rubuta labarinsa ba, wani zai rubuta masa, ko daɗi ko ba daɗi. Na biyu, dattijon nan bai ce furfura ta hana shi soma sabon aiki ba. Mu ma da mu ke zaune nan da allo, kada mu ce mun tsufa. Gemu ba ya hana ilimi.