Idan Aiki Ya Kawo Ka Bodinga Ko Shagari: A Ina Iyali Za Su Zauna?

Jawabin da aka gabatar a zaman dattawan ikilisiyoyi da iyaye

 

Duk shekara muna karɓar baƙi. Malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗan sanda, ko ɗan kasuwa mai shagon magani, takardar canjin wurin aiki ta kawo shi daga Zuru, ko Kafanchan, ko Jos, an ce ya kama aiki a Bodinga ko Shagari. Tambayar farko da yakan yi mana ita ce, "Fasto, ina zan sami ɗaki mai araha?" Mu kuwa sai mu mayar masa da tamu tambayar: yaranka nawa, kuma wace makaranta za su shiga? A ganinmu makaranta ake fara nema, sa'an nan a nemi gida kusa da ita. Wanda ya juya wannan tsari yakan biya hayar shekara, sai bayan wata biyu ya gane yaransa ba su da wurin karatu, kuɗin kuwa ba ya dawowa.

Bari mu fara da nisa. Garuruwan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Tambuwal zuwa Jega da Yawuri. Bodinga tana kusan kilomita 25 daga birni, Shagari kuma kusan ninkin wannan. Wannan bambanci ya raba shawarar gida biyu. Mai aiki a Bodinga yana iya ajiye iyali a Sakkwato ya yi jeka-ka-dawo kullum, kuma da yawa haka suke yi. Mai aiki a Shagari in ya ce zai yi haka, to kusan kilomita 100 ke nan a rana, sau biyar a mako. Kafin 29 ga Mayu 2023 wasu suna iya ɗauka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar nan, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ku zauna da takarda da biro, ku haɗa kuɗin mota na wata da na kabu-kabun da zai kai yara makaranta, kafin ku yanke cewa zama a birni ya fi.

Akwai hanya ta uku da ta fi damun mu, wato maigida ya bar mata da yara can gida, ya zo shi kaɗai, yana zuwa ganinsu a ƙarshen wata. Mun san dalilan, ba kuma mu raina su ba. Ba wanda ya manta da abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato cikin Mayu 2022, inda ɗaliba Kirista ta rasa ranta, da tashin hankalin da ya biyo baya. Uban da ya ji tsoro bai yi laifi ba. Amma mu da muke zaman sulhun aure muna ganin ɗaya gefen: tukunya biyu a kan albashi ɗaya, yaro ya kai shekara 14 bai san muryar ubansa ba sai a waya, ga jarabar da ke jiran namiji mai zaman kaɗaici. Wata uku ko shida domin a leƙa wuri a shirya, wannan hikima ce. Shekara biyar kuwa, gida ne yake rabuwa a hankali ba tare da kowa ya furta ba.

To yaya ake duba makaranta? Gani ya kori ji. Kada ku dogara da allon da aka kafa a bakin hanya, ko da an rubuta masa suna mai daɗi. Ku je ranar karatu da misalin ƙarfe 10 na safe, ba tare da kun sanar ba. Ku ƙirga yaran aji ɗaya. Ku ga ko malami yana ciki ko yana gindin bishiya. Ku roƙi littafin wani ɗan aji huɗu ku duba ranar da aka yi masa maki na ƙarshe. Ku nemi bayan gida da ruwan sha, domin daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, lokacin sanƙarau ke nan kuma, aji mai cunkoso marar taga haɗari ne ga rai. Wannan gwaji ɗaya ne ga makarantar gwamnati da ta kuɗi, har da wadda ikilisiya ta buɗe. Sunan Kirista a jikin bango ba ya koya wa yaro lissafi.

Game da addini, ku yi tambaya a fili, cikin ladabi, tun ranar farko. Akwai malamin darasin addinin Kirista? In babu, ina yaronmu zai zauna lokacin darasin addinin Musulunci? Wane irin kayan makaranta ake so 'ya mace ta sa? Ya kamata kowane uba ya san cewa sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, shirin da aka ƙaddamar a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999. Ba mu faɗi wannan domin ku shiga ofishin hedimasta da faɗa ba. Wanda ya san haƙƙinsa yakan yi magana a natse, kuma sau da yawa hedimasta ya fi son a sanar da shi da wuri. Inda babu malamin darasinmu, aikin ya dawo kan makarantar Lahadi da kan iyaye da yamma, musamman ga masu shirin jarrabawar WAEC da NECO.

Ga waɗanda suka gama firamare, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ɗaya daga cikin uku na farko da aka buɗe a 1966, da ta 'yan mata a Tambuwal, gaba kaɗan da Shagari. Ana shiga ta jarrabawar da NECO take shiryawa, a yi rajista da wuri. Amma tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yuni 2021, ba mu cewa kowa ya kai yaro makarantar kwana ido rufe. Ku duba katanga, ku tambayi masu gadi nawa ne da dare.

Sai unguwa. A Farawa sura 13 Lutu ya zaɓi kwarin Urdun saboda ruwa da ciyawa, bai tsaya tambayar irin rayuwar da 'ya'yansa za su tashi a ciki ba. Kada mu yi saurin ɗauka cewa wannan gargaɗi a kan unguwar da ba Kirista yake. Wasu wuraren da mutanenmu suke cunkushewa a birni, domin suna kusa da majami'a ko bariki, su ne kuma suke kusa da gidajen giya da kiɗa har tsakar dare. Mun ga yaran da suka lalace a tsakiyar 'yan'uwa, mun kuma ga waɗanda suka tashi da tarbiyya a gidan haya ɗaya da Musulmi, inda matar mai gida take tsawata musu kamar nata. Tambayar ita ce wane ne maƙwabci, ina ruwa yake, nawa ɗan garuwa yake karɓa a watan Afrilu, kuma minti nawa ne zuwa asibiti in naƙuda ta tashi da dare.

In kun zaɓi zama cikin Bodinga ko Shagari, ku shiga ta ƙofa. Waɗannan garuruwa ne masu tarihi da suke alfahari da shi. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, Shagari kuma mahaifar shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari ce, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin siyasa, a can aka binne shi a Disamba 2018. Ku sa dattijon ikilisiya ya raka ku gaida mai unguwa. Ku je ta'aziyya, ku je barka, gama zumunci a ƙafa yake. Ku koya wa yara gaisuwa, da kame baki a kan abin da ya shafi addinin wani, a aji ko a waya. Irmiya sura 29 ta umarci mutanen da suke bauta a baƙuwar ƙasa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar garin. Mu ba bayi ba ne, ƙasarmu ce, balle mu zauna da jaka a ɗaure.

Dattawa, sauran aikin namu ne. Ƙananan ikilisiyoyin da ke wajen birni ba za su tsaya ba in kowane mai albashi ya kwana a Sakkwato. Muna roƙon kowace ikilisiya ta ware mutum biyu, namiji da mace, waɗanda suka san makarantu da masu gidajen haya na yankinsu, a ba sakatare sunayensu kafin zama na gaba, domin baƙon da zai sauka kafin sabon zangon karatu ya sami mai raka shi makaranta tun bai haɗu da dillali ba.